Gaisuwar da ta fitar da Gwaggo daga ɗakin takaba

Mun tashi da asuba daga Gusau mu uku: ni, da direba, da wani aminina ma'aikacin tsaro da ke hutu. Ta'aziyya za ni wani ƙauye a bayan Adabka, ƙasar Bukkuyum. Mijin gwaggona 'yan bindiga suka harbe a gona, ita kuma tana takaba. Ni na lallaɓo aminin nan ya raka ni, don na san yana da 'yar ƙaramar bindiga ta wurin aiki. Tsoron hanya nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Tun kafin mu kai Anka gardama ta kaure. Shi mai bindigar so yake ya saki riga a kanta, ni kuwa na dage sai ya bar ta a ƙugu kowa ya gani, wai mugu in ya hango ƙarfe zai sake shawara. Direba ya ce a wannan hanyar mai bindiga ake fara harbi, kuma wanda ya hango ka daga nesa ba ya tsayawa tambayar katin aikinka. Na ce masa tuƙi aka ɗauko shi yi. Da yake na fi su baki, tawa aka bi.

A Anka muka karya da waina da miyar taushe. Mai wainar ta zuba mana ba ta ɗago kai ba, mutanen da ke kan benci suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ni a wautata har daɗi na ji, na ɗauka girmamawa ce. Man fetur na kwalba kuwa tsadarsa ta sa direba salati. Damina ce, dawa ta yi tsayi a gefen hanya, amma gonaki da yawa ciyawa ta cinye su, masu su ba sa iya zuwa.

Inda kwalta ta ƙare muka bar direba da mota, muka hau babura biyu na 'yan kabu-kabu. Hanyar duk taɓo da kwazazzabai, har yanzu bayana bai huce ba. Aka fara yayyafi, muka naɗe kai da fuska da mayafi. Wanda ya ɗauko ni ya waiwayo ya ce, “Alhaji, a ruhe abin ga, mutanenmu ba su son ganinai.” Na ce ai mun kusa.

Wata mata mai ɗibar ruwa a bakin gari ce ta fara hango mu: babura, fuskoki a rufe, ga bindiga. Ta yar da bokiti ta ƙwalla ihu. Kafin mu sauka gari ya watse. A tabarmin zaman makoki babu kowa sai takalma da butoci. Gwaggo, wadda tun rasuwar ko zaure ba ta leƙa ba, ta haura darni ta faɗa cikin dawa ba takalmi.

Sai da ɗan kabu-kabun ya bi gonaki yana kiran mutane da sunayensu kafin suka fara dawowa. Gwaggo a riƙe aka kawo ta, kututture ya tsaga mata ƙafa. Ta dube ni ta ce:

“Kai na, ɗan ƙanena? Da bindiga kaz zo gaishe ni?”

Ba ta jira amsa ba, ta juya ga limamin garin: “Malam, na hita gida. Takabata ta ɓaci?” Ya ce lalura ce, babu komai a kanta. Ni kuwa ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Aminina ya saki rigarsa ta rufe bindigar.

A Gummi muka kwana. Aka kawo shinkafa da kifi mai kyau, na kasa kai loma. Washegari muka kamo hanyar gida zuwa Gusau.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, bindigar da ta kwantar mini da hankali ita ta tayar da na gari guda, domin su sun ga abin da take yi, ni labari kawai nake ji. Da na buga waya in ji ƙafar Gwaggo, aka ce tana ɗingishi, kuma tun safe take tambaya ko mun isa gida lafiya.