Dinarin Yaya Habu Mai Tsaga

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Habu, a nan Makka. Har yau idan na tuna ɓarnar da na so in yi masa bayan ransa, sai in yi ajiyar zuciya in ce alhamdu lillahi.

Yaya tela ne a unguwar Nakkasa, amma zuciyarsa tana kan tsofaffin dinarai na farkon Musulunci, waɗanda babu komai a jikinsu sai rubutu. Guda biyar kacal ya tara a rayuwarsa. Yakan sa gilashin ƙara girma ya ce in dubi ɗigon da ke ƙarƙashin wani harafi, wai wannan da ƙarfen bugu dabam aka buga shi. Ni kuwa in ce masa zinariya ai zinariya ce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Bayan shekara biyu da rasuwarsa bikin 'yarsa Zainab ya taso. Ni ce gwaggo, na rantse ba za ta shiga ɗaki babu 'yan kunne daga gumin ubanta ba. Na baje dinaran, na ga biyu iri ɗaya, sai dai ɗayan yana da wani layi siriri kamar gashi ya ratsa rubutunsa. Da dabarata ta 'yar kasuwa na ce mai aibin za a narka, mai kyan a ajiye.

Maƙerin zinariyar da na kai wa jikan Kanawa ne, haifaffen nan, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. Ya daɗe yana juya dinarin.

"Haram alaiki, ya Hajja," ya ce. "Wannan ba aibi ba ne. Ƙarfen bugun ne ya tsage, kafin a yar da shi kaɗan ya buga. Wallahi ba zan sa shi a wuta ba."

Na yi masa tsiwa, don ni ba a hana ni abu cikin sauƙi. Sai da na dawo gida na buɗe ambulan ɗin da Yaya ya ajiye dinarin a ciki, na ga rubutun Yaya da ajami: "Mai tsaga. Shi na fi so." Na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yanzu an rushe layinmu na Nakkasa, mun koma unguwar Ka'akiyya. Yara suna ɗaukar hoton dinari da waya su buɗe shi har ɗigo ya kai girman ƙwai. Da Yaya zai gani, na san zai yi tsaki, sannan ya karɓi wayar ya ƙi mayarwa.

Yaya bai bar gadon gida ba, keken ɗinkinsa ma ya lalace. Amma dinaran nan biyar suna wurin Zainab, babu wanda ya taɓa ganin wuta. 'Yan kunnena na cire na ba ta, da su ta tare, kuma ban taɓa jin kunnuwana sun yi mini sauƙi kamar ranar ba.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya kuma saka wa maƙerin da ya ƙi jin maganata da alheri.