Jirgin Labbo Mai Fiffike Ɗaya

Labbo taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka tun muna yara nake da izinin zolayarsa, kuma ban taɓa wasa da wannan izini ba. A Tungar Sanya aka haife mu, wani ɗan ƙauye can cikin dajin Tsafe wanda ko a bakin direbobi ba ka cika jin sunansa ba. Mahaifinsa, Kawu Bawa, mai haƙar saiwa ne. Yana bin daji yana haƙo saiwar uwar magunguna, wadda a wurinmu ake ce wa sanya, ya shanya, ya kai kasuwa. Ya so Labbo ya gaje shi. Amma in aka kai Labbo gindin itacen, maimakon ya dubi ƙasa inda abinci yake, sai ya ɗaga kai. 'Ya'yan sanya fiffike ɗaya gare su, kuma in sun bushe ba sa faɗowa tim irin na kanya, juyawa suke yi suna saukowa a hankali. Labbo sai ya cika hula da su, ya hau reshe, ya riƙa saki ɗaya bayan ɗaya. Kawu yakan ce Allah ya ba kowa ɗa, shi kuwa ɗan kallo aka ba shi.

Da ya yi hankali sai ya gudo Gusau, ya koyi gyaran fanka a Sabon Gari, har ya kafa 'yar rumfarsa. Ya auri Zuwaira, mace mai haƙuri, wadda ta saba cin tuwo ana ƙwanƙwasa ƙarfe a kusa da kunnenta. Ni ma aure ya kawo ni Gusau, da mijina ya rasu kuma na kafa kaskon awara daura da rumfar tasa. Rabin rayuwarmu ke nan muna kallon juna ta tsallaken kwata. Mutum ne marar magana. Fankar da kowa ya haƙura da ita shi zai kwance, ya sake naɗa mata waya, ya tsaya yana kallonta tana juyawa har mai ita ya gaji ya ce a ba shi kayansa. Ban taɓa ganin ya yi faɗa ba, ban kuma taɓa ganin ya gama aiki a ranar da ya ɗiba ba.

Sai hanya ta lalace. Ba sai na ba kowa labarin masu bindigar daji ba. Da farko motoci suka daina shiga Tungar Sanya, daga baya 'yan kabu-kabu ma suka janye. Tun da sauran dama Labbo ya roƙi Kawu ya dawo gari, tsohon ya ce shi ba ya zama inda ake sayen ruwan sha. Ana nan ya zame a bakin rijiya, ƙugu ya goce. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, amma daga nan Kawu sai jan gindi. Ko da an samu mai kasadar shiga da babur, ba zai iya zama a kai ba. Matarsa ta riga ta rasu, maƙwabta ke miƙa masa tuwo. Tun daga lokacin Labbo ba shi da wata magana a duniya sai ta yadda za a fito da ubansa.

Kowa ya san abin da ya kamata a yi. A samu baro, a taka da ƙafa, a turo tsoho. Amma ɗan birni in ya shiga dajin nan, ko a ce ɗan leƙen asiri ne, ko a riƙe shi. Labbo ya gwada sau ɗaya. Ya wuce inda kwalta ta ƙare, ya hango babura jere a gindin wata tsamiya, ya juyo. Tsoro ya ji, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ko ƙarshen kwaltar ban kai ba.

Bayan dawowarsa ne na ga ya fara yanka gwangwanin madara. Ya fitar da fiffike ɗaya, ya naɗe tsakuwa a gindinsa, ya cilla sama, abin ya sauko yana juyi sak irin na sanya. Na ce a gaishe da matuƙin jirgin gwangwani. Bai kula ni ba. Sai da ya cilla ya fi a ƙirga sannan ya yi min bayani, wai tunda Allah ya sa iri mai fiffike ɗaya yana sauka lafiya, to in aka yi babban fiffike, aka sa inji ya juya shi da ƙarfi, maimakon ya yi ƙasa sai ya yi sama. Kujera biyu zai sa, ɗaya tasa, ɗaya ta Baba.

Akwai wani Malam Mahadi, tsohon malamin makarantar koyon sana'a, da ke kawo masa gyara. Shi bai yi dariya ba. Ya zauna a benci ya juya gwangwanin a hannunsa, ya ce wa Labbo ya lura, iri ba ya tashi, saukowa kawai yake yi, itacen ne ya riga ya kai shi sama. Kuma ƙwayar tare take juyawa da fiffikenta, to mutumin da ya zauna a wurinta ko minti ba zai yi ba zai amayar da hanjinsa. Labbo ya ce zai ɗora kujerar a kan boris irin na cikin fanka don kada ta juya. Malam Mahadi ya ce za ta juya ɗin, sai dai ta juya baibai, shi ya sa jirgi mai saukar ungulu yake da 'yar fanka a wutsiya. Ya ce ya ji an ƙera ƙanana irin wannan sun tashi, amma abu in ya girma nauyinsa yakan riga fiffikensa girma, injin babur kuwa ba zai ɗaga mutum biyu ba. Labbo ya yi masa godiya sosai, ya ci gaba da yankan gwangwani. Ni kuwa na ce da wuya, wai gurguwa da auren nesa. Sai da maganar ta fita na tuna halin da Kawu yake ciki, na mai da kaina kan kasko.

Gwajin farko a Furfuri aka yi, wajen Bunguɗu, inda abokinsa Mas'udu yake da bene wanda ba a gama ba, da gonaki a bayansa. Na rufe awara na bi su, don ba a ba ni labarin irin wannan. Fiffiken na falanki ne da kwanon rufi, ya fi ƙyauren zaure tsawo. A madadin mutum aka ɗaura buhun masara. Suka tura shi daga sama. Gaskiya ya juya, har ya yi kyau a ido na ɗan lokaci, sannan bakin buhun ya ɓalle, masara ta watsu ko'ina, fiffiken ya daki ƙasa ya rabu biyu. Kajin Furfuri sun yi sallah a ranar. Labbo ya sauko yana kakkaɓe hannu, ya ce min ai na ga ya juya.

Shekarar da aka kashe layukan waya ya sa wa wani sabon fiffike inji. Ba ka iya kiran kowa, an hana sayar da mai a jarka, sai da tiyo yake zuƙo fetur daga motar Mas'udu. Suka ɗaure abin da igiya a turke, ya tayar. Abin ya yi ruri, ya yi tsalle irin na kwaɗo, ya ja gefe ya kwantar da dangar mutane. Bai rabu da ƙasa da abin da ya wuce tafin hannu ba. Ban ma zolaye shi sosai ba, don a lokacin mun riga mun daina jin komai. A ce an kashe wane, in ce Allah ya jiƙansa, in juya awara. A ce an kwashe mutanen wuri kaza, in tambayi mai saye ko a sa masa yaji. Shi ma Labbo ba murna ba baƙin ciki, ya tattara ƙarafansa ya koma rumfa. Allah ya yafe min in zato ne, amma ina ganin jirgin maɓoya ya zame masa. Muddin yana ƙwanƙwasa ƙarfe ba za a ce ya watsar da ubansa ba, kuma ba sai ya sake ganin tsamiyar nan ba.

Wata safiya wani direba ya tsaya sayen awara, ya ce ai Tungar Sanya ta tashi. Mutanen sun fito da ƙafa, suna zube a wata makarantar firamare a Tsafe. Na tsallaka kwata na faɗa wa Labbo, muka hau mota. A makarantar muka bi aji-aji muna duba fuskoki. Na ga 'yan'uwa da na yi shekaru ban gani ba, muka gaisa kamar jiya muka rabu. Babu Kawu. A ƙarshe muka samu Malam Yahaya, maƙwabcinsa, zaune a kan ƙullin kayansa. Ya ce sun ciro ƙyauren ɗaki, sun shimfiɗa bargo, an ware maza huɗu da za su ɗauke shi, amma tsoho ya ƙi hawa. Labbo ya tambaye shi dalili.

"Yac ce mu tahi, kai kana nan zuwa ka ɗauke shi ta bisa," in ji Malam Yahaya. "Ai ni na kai mai saƙon. Da bakinka ka hwaɗa min, ranar da munka haɗu kasuwa."

A nan na fara jin cewa tun kafin gwajin Furfuri Labbo ya aika wa ubansa kada ya damu, yana haɗa jirgi.

"Tun sannan kullum shina jan gindi zuwa hwagen sussuka, shina shara," Malam Yahaya ya ƙara. "Yac ce nan za ka sauka."

Kawu Bawa bai taɓa yarda da maganar Labbo a kan komai ba, ko a kan farashin gishiri. To ko dai wannan karon ya yarda, ko kuma kara ya yi wa mutane. Ya san maza huɗu ɗauke da gurgu ba za su iya gudu ba in an biyo su, ya kuma san in ya ce su bar shi don haka, kunya ba za ta bar su su tafi ba. Sai ya ba su dalilin da za su iya tafiya da shi. Na faɗa wa Labbo na biyun, don shi ya fi sauƙin haɗiya. Ya miƙe. Ya je bakin kasuwa ya aro baro, ya shimfiɗa tabarma a ciki. Ban riƙe shi ba. Na ba shi ragowar awarar da ke cikin jakata, ya tura baronsa ya bi hanya.

Kwanakin da ya yi, Zuwaira ba ta ɗora tukunya ba. Ya dawo da baron babu kowa a ciki. Ya ce a gindin tsamiyar nan masu baburan sun tare shi, suka leƙa baron, suka dubi takalminsa, suka ce ya wuce. Haka da dawowa. Ya samu Kawu jingine a bakin fagen, tsintsiya a gefensa, rai ya riga ya yi halinsa, kuma da alama ba a daɗe ba. Shi kaɗai ya yi masa wanka, ya sallace shi, ya haƙa, ya rufe. Da yake ba mu labarin muryarsa ba ta canza ba, mu ma da muke ji babu wanda ya yi kuka.

Bayan an share makoki ya buɗe rumfa. Masu fanka suka ci gaba da kawowa, don zafi bai san an yi rasuwa ba. Ban tambaye shi komai ba, ban kuma sake kiransa matuƙi ba. Wata rana da la'asar ya tsallako kwata, ya ɗauki awara ɗaya a tire, ya tsaya yana ci a tsaye.

"Ma'u," ya ce, "na auna hwagen da ƙahwata. Ya isa. Da abin ya tashi, da lahiya lau zan sauka."

Na ce Allah ya jiƙan Kawu. Ya ce amin, ya goge hannunsa a riga, ya koma wurin fankar da ya bari a kwance.