Kwamfutar Islamiyyarmu da Mutanen da Ban Taɓa Gani Ba

Na fi wata huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan. Bokona a aji shida na firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba a kan mutanen da ba su yi mini komai ba sai alheri. Amma lokaci ya ƙure mini.

Ni ne magatakardan wata makarantar Islamiyya a Gwaram. Kwamfuta ɗaya gare mu, tsohuwa, a ɗakin da ake ajiye tabarmi. A cikinta sunan kowane ɗalibi yake, da izun da ya kai, da ranar da ya sauke, har da waɗanda suka rasu. Wani malamin lissafi da aka taɓa turowa garinmu ne ya haɗa mana ita, ya kuma tsara mana rajistar da hannunsa. Ya ce manhajar da ke tuƙa kwamfutar ba ta kamfani ba ce, wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suke rubuta ta a lokacin hutunsu, ba mai biyansu, kowa ya ɗauka kyauta. Daga baya aka mayar da shi Kano, lambarsa ma ta daina shiga. Ya bar ni ni kaɗai da ita.

Bara wani rubutu ya fara fitowa duk sanda na kunna. Na sa waya ta fassara mini: wai manhajar ta tsufa, an daina yi mata gyara. Sai kuma rajistar ta fara ƙagewa. Na naɗe kwamfutar a bargo, na rungume ta a mota har Birnin Kudu wurin mai gyara.

Mai gyara yana kunnawa ya ɗago kai.

"Baba, wa ya sa maka wannan? Kawo in share ta tas in sa maka irin ta kowa."

"Sunayen fa?"

"A wannan tsarin da aka yi muku? Ban yi maka alkawari ba."

Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya yi dariya. "Ka faɗa wa Baba gaskiya, ba ka iya ba. Kai da ko rediyon surukinka ka kasa."

Na sake naɗe ta na dawo.

Na san masu manhajar suna da wani dandali a intanet da ake kai musu tambaya. To ni a wurina kamar malaman zaure suke, masu karantarwa don Allah, kuma ba a tunkarar irin waɗannan da buƙata kai tsaye. Ranar farko gaisuwa kawai na tura, waya na fassara mini. Na gaishe su da aiki, na tambayi iyali. Washegari na ƙara gaisuwa da addu'a. A rana ta uku, ina shirin kawo maganar, na tarar an rufe saƙona, an ce ba tambaya a ciki. Kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba, ina ta tunanin ko na yi musu rashin ladabi ne.

Da ƙyar na sake rubutawa, wannan karon da matsalar. Mutum ɗaya ya amsa, cikin mutunci. Ya ce su 'yan sa-kai ne, ba za su iya riƙe tsohuwar manhaja har abada ba, amma akwai kamfanonin da ake biya su ci gaba da kula da ita. Bai ambaci ko ɗaya ba, ni kuma na ji nauyin sake damunsa.

Nan wata damuwar ta taso. Abin da aka bayar sadaka, ya halatta wani ya karɓi kuɗi a kansa? Na kai wa Malam, shugaban makarantarmu.

"Kai da wasuwasi!" in ji shi. "Rijiyar bakin masallaci sadaka ce, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Allah gafarta Malam."

"Mai ga-ruwa da ke ɗebo maka daga cikinta, kyauta yake kawowa?"

"A'a."

"To wahalarsa ka biya, ba ruwan ba."

Hankalina ya ɗan kwanta, amma ba duka ba, don ina tuna waɗanda suka haƙa rijiyar.

Alhajin da ke ɗaukar nauyin makarantar, mai motocin Kano, ya ce zai biya in na samo kamfanin kafin a dawo hutun Babbar Sallah. In ban samo ba, a share kwamfutar a sa irin ta kowa. Yanzu kullum bayan la'asar, idan kowa ya watse, nakan zauna ina kwafe sunayen a littafi, kwamfutar na ƙagewa ina jira. Ban kai ko rabi ba.

Don Allah, duk wanda ya san irin wannan kamfani ya sanar da ni. Suna karɓar mai kwamfuta ɗaya tak? Za su iya fitar da rajistar ba tare da suna ko ɗaya ya salwanta ba? Kuma wani abu daga kuɗin yana isa ga 'yan sa-kan nan?