Cindo Mai Aski

Duk layin Cindo ake kiransa, saboda yatsa na shida da ke gefen kowane hannunsa. Shagon askinsa kujera biyu ne da madubi mai tsaga. Masu zuwa aski sukan tsokane shi, wai mai yatsu da yawa bai kamata ya daɗe a kan kai ɗaya ba. Sai ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa.

Wannan yatsan ne ya raba iyayensa. Yana cikin tsumma ubansa ya ce kaf danginsu babu mai irinsa, a je a nemo mai ɗa. Uwar ta goya shi ta fita. Da wankau ta raine shi, har ta koma ga Allah ba a wanke sunanta ba.

Da aka haifa wa Cindo 'ya mai yatsu shida, ya tambayi likita dalili. Ta ce kowace siffa mutum yakan gaji ƙwayarta biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

"Ta cindo mai rinjaye ce, guda ɗaya ta isa ta fito fili. Yawanci daga ɗayan iyaye take. Wani lokacin kuma ƙwayar takan sauya da kanta, ba daga kowa ba."

Cindo ya riƙe wannan ta ƙarshen. Ya ce wa matarsa ai Baba bai sani ba ne, rashin sani ya fi dare duhu.

Shi ya sa ranar da gwaggonsa ta zo ta ce ɓarin jikin ubansa ya shanye, gashi ya rufe masa fuska, bai yi musu ba, ya ɗauki jakarsa ya bi ta. Ya yi masa aski tsaf, ya kama hannunsa zai yanke farce. Sai ga tsohon tabo a gefen ƙaramin yatsa. Ya juya ɗaya hannun, nan ma haka.

"Gwaggo, wannan fa?"

Ta kau da kai. "Da shi aka haife shi. Tun yana jariri aka cire."

"Kina nan ranar da ya kori Inna?"

"Ina nan. Auren ne ya ishe shi, ɗan nan. Ni ƙanwa ce, me zan ce?"

Tsohon na kallon rufi. Cindo ya ƙarasa yankan farcen, ya naɗe kayansa. Gwaggo ta kawo ruwa, bai sha ba.

A shago ya tarar ana jiransa. Ya ba su haƙuri, ya ce su dawo gobe.