Inda Tiyo Bai Kai Ba

A harabar ofishin nan, ko ganye ba ya tsirowa sai da izinin tsoho mai ban ruwa. Haka dai takunsa ke nunawa. Wata malama da ke jiran a sa mata hannu a takarda tun safe ta zuba masa ido, don babu wani abin kallo.

Wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, silifas ƙafa ɗaya shuɗi, ɗaya baƙi. Yana jan tiyo kamar mai kai akuya kasuwa, yana bin wasu gajerun itatuwa masu jan ganye da aka dasa cikin tsakuwa. Sumak ake ce musu, itatuwan ƙasar waje ne da ba sa buƙatar ban ruwa, in ji maigadi. Manaja ya kawo su don a sallami tsohon ƙarshen wata.

Maigadin ya ɗaga murya: "Baba, an ce ba sa son ruwa!"

"Kai ma an ce ba ka barci," in ji tsohon, ko waiwaye babu.

Wataƙila bai san wata hanyar nuna amfaninsa ba. Kowane gindi sai ya cika shi taf. Rabinsu sun ruɓe. Uku ne suka yi kyau, can bayan janareta, inda tiyon bai kai ba.