Manzo, Mai Tsai da Maza Gaban Akwatin Hoto

Ranar Asabar, sha biyu ga Sha'aban na shekarar 1346, wani mai raƙumi da ya fito daga Tanut ya tsaya bakin rijiyarmu a Ollelewa, ya ce Allah ya yi wa Manzo maɗinki rasuwa, bayan jinyar kwana shida da ciwon haƙarƙari. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Manzo, shekara uku ban amsa gaisuwarka ba. Da wannan zan fara, don kada mai karatu ya ɗauke ni aminin da ya riƙe amana har ƙarshe.

Tare muka yi karatun allo a Gangara, ka kama allura, ni na tsaya ga alƙalami. Da Nasara mai ɗaukar hoto ya sauka a bariki da akwatinsa mai ƙafa uku, kiranka aka yi ka rataya gwado a jikin bango kawai. Gardi, dogarin Nasara, shi ke jawo maza, su tsaya a tsorace. Ka ga wani dattijo rigarsa ta karkace, kansa a sunkuye, ka kasa haƙuri. Ka je ka gyara masa wuyan rigar, ka ɗaga masa haɓa da yatsa biyu. Daga ranar aikin ya zama naka.

Na sha ganinka kana yi. Ba ka yarda a tsai da mutum rana tsaka, sai bayan la'asar, hasken yana gefe don kada ido ya runtse. Kakan juya masa kafaɗa kaɗan, ka ɗora hannunsa bisa gwiwa. In ya sandare, sai ka tambaye shi sunan sansa na noma har fuskarsa ta saki. Kana ce musu, "Kada ka dubi akwatin kamar mai laifi. Dubi bayan kafaɗata, kamar kana hangen gonarka." Ka ɗinka riga da rawani daga aljihunka, kana ara wa wanda ya zo da tsumma. Kana cewa hoton nan zai je ƙasar da ba a san mu ba, ba za a gan mu a wulaƙance ba.

Mutanen Belbeji har yau suna zancen ranar Aghali, tsohon Buzun da aka ce ya sauke amawalinsa a ga bakinsa. Kai ne mai fassara, ka ƙi faɗa masa. Ka shiga tsakaninsa da akwatin, ka ce wa Nasaran wannan daidai yake da tuɓe masa wando a kasuwa. Ka kwana biyu a tsare, bayanka ya sha bulala. Aghali ya koma gida fuskarsa a rufe.

Sai zancen Barmo, ƙanena. Kai ka tsai da shi, ƙirji a buɗe, sanda a hannu, ya fito kamar ɗan sarki. Bayan wata biyu aka zo ɗibar soja, aka tafi da shi da wasu huɗu, uku daga cikinsu duk sun tsaya gaban akwatin. Bai kai shekara ba labarin mutuwarsa ya zo. Na tare ka a kasuwa, gaban jama'a, na ce kai ne kake gyara wa Nasara 'ya'yan mutane kamar ragunan sayarwa. Ka bar aikin a makon nan.

Daga baya ka taka har Damagaram, ka yi ta roƙo sai da aka ba ka hoton Barmo. Ka kawo wa mahaifiyarmu, na hana ka shiga zaure. Ta katanga ka miƙa shi. Yana cikin kwallarta, naɗe a ƙyalle, takan fito da shi duk Juma'a.

Har yanzu ban sani ba ko hoton ne ya sa aka zaɓe shi. An ɗauki waɗanda ba su taɓa ganin akwatin ba. Na san haka tun a lokacin, amma ina neman wanda hannuna zai iya kai wa, kai ne kusa.

Da na je gaisuwa, matarka Raishatu ta yi mini magana daga bayan zana. Ta ce, "Malam Jika, ya ce za ka zo. Ya ce a ba ka ruwa, kada kowa ya tayar da tsohon zance." Na karɓi ƙwaryar, na kasa sha.

Allah ya jiƙanka, Manzo, ya haskaka kabarinka, ya suturta ka kamar yadda ka suturta bayinsa. Raishatu, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya Fatu da Dodo, ya sa su gaji halin ubansu. Su sani abin da na faɗa a kasuwa ba gaskiya ba ne. Ranar kasuwa mai zuwa zan tsaya a wurin da na faɗe shi, in janye shi da bakina.