Ƙaurar Kawu Sebuhinja

A duk yankin Kisoro babu wanda ci gaba ya yi wa gata kamar kawuna Sebuhinja. Hukuma ta killace dajin da yake zaune: an raba shi da wahalar daji, aka bar wa gwaggon biri wahalar, shi kuma aka ba shi gidan bulo mai rufin kwano, da filin da zai ishi akuya ɗaya kiwo in ba mai haɗama ba ce. Maginin ya ce gidan zai shekara ɗari bai tsage ba. Ni na fassara wa Kawu wannan albishir, don ni ne tafintan ƙungiyar da ta gina gidan.

Ya ce, "Shekara ɗari? Laifin me na yi musu?"

A daji aka haife shi, can ya koyi ɗiban zuma, can ya auri Nyiramana. Mu ƙabilar Batwa, mutanen daji, idan mutum ya mutu a bukka, mukan bar masa ita, mu kwashe tukwane mu yi gaba har sai tudu ya shiga tsakani. Mamaci ya huta, mai rai ma ya huta. Bukkar ta ganye ce, damina ɗaya ta isa ta mayar da ita ƙasa.

A ɗakin bulo Nyiramana ta rasu. 'Ya'yansu, da ke ƙwadago a gonakin mutane can nesa, suka zo aka binne ta, suka koma. Kawu ya fito da tukunya da tabarma, ya ja ƙofa, bai sake shiga ba. Yana so ya yi gaba. Gabas akwai masu gadin daji da bindiga, sauran ɓangarorin kuwa gonakin dankalin maƙwabta ne.

Kiconco, jami'ar ƙungiyar, mace mai kirki, ta same shi zaune a gindin bango, ina biye da ita ina fassara.

Ta ce, "Baba, ga gida har gida, ka zauna a waje kamar marar galihu?"

"Mai shi tana ciki, 'yata."

"Ai ta rasu, Baba."

"Shi ya sa ya zama nata."

Ta yi masa tayin sabon fenti da katifa. Ya yi godiya, ya juyo gare ni. "Kai ɗan boko, tun da ka iya bakinsu, tambayar mini ita: ina ne gaba?"

Na tambaya. Ta yi alkawarin kai maganar babban taron da za a yi kan mutunta al'adun mutanen daji. An yi taron a otal. Na je, an ci kaza.

Da Kawu ya gaji da jira, wata safiya ya ɗaure kayansa kamar yadda iyayensa suke yi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Nyiramana ta zauna lafiya, kada ta biyo shi. Babu wanda ya raka shi, don waɗanda suka san yadda ake rakiyar sun riga shi mutuwa. Ya ɗora kaya a ka, ya kama hanya bai waiwaya ba, har shingen maƙwabci ya tare shi. A nan ya sauke, ya kafa bukkar ganyen ayaba.

Can yake zaune har yau, ya juya wa gidan baya, yana dafa wakensa shi kaɗai. In an tambaye shi, yakan ce ya ƙaura. Idan aka yi ruwan sama, ruwan kwanon gidan a kan bukkarsa yake zuba.